Rawar Idon Inna

A gidanmu na Bukkuyum ni ke fidda hatsi daga rumbu, kuma ina da ƙa'ida: tiya biyu ta dawa kowace safiya, babu ƙari. Inna mahaifiyata ma tana da tata. In idonta na dama ya yi rawa, to baƙo na hanya, sai an ƙara rabin tiya.

A daminar farko bayan aurena, idon ya yi rawa sau uku. Na farko na ƙara, ba wanda ya zo. Na biyu na ƙara, awaki suka ci sauran tuwon. Na uku na rufe rumbu na ce, "Inna, camfi ne. Ido ba ya ganin bayan katanga."

Ta ce, "To, malam."

Ranar gab da magariba, an riga an kwashe tuwo, sai ga kabu-kabu a ƙofar gida. Surukina ne daga Gummi tare da ƙanensa. Lokacin wayar hannu ba ta iso mu ba, balle a sanar. Ga shi kuwa suruki ya tashi bai ƙoshi ba abin faɗi ne har jikoki.

Na shiga ciki, sai na iske akushi cike. Ashe tun safe Inna ta ƙara daga dawar da take ɓoyo a ɗakinta.

Ta ce, "Ɗauka ka kai musu, malam. Ka ce ido ya gaishe su."

Har yau ina cewa gaibu sai Allah. Amma tun ranar na gyara tsarina: in gaida Inna, in dubi idonta, sannan in auna.