Faifai Mai Lamba Sha Bakwai

An ɗora mini laifin da ban yi ba, kuma ba zan manta da ranar ba har in koma ga Ubangiji. A shekarun saba'in ne, ina aiki a wani ƙaramin asibitin mishan tsakanin Kafanchan da Zangon Kataf. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka kome ya lalace, ni ake kallo.

Sista, shugabar asibitin, ta kawo wani tsari na gwaji: faifan gwangwani talatin, kowanne da lambarsa. Ni ke raba wa marasa lafiya, mai haɗa magani ya rubuta lambar a kan ƙunshi, in an kira ka miƙa faifai ka karɓi naka. Kai, mun ji daɗin zamanin nan! Faɗan layi ya ƙare, mata na zaune a gindin mangwaro suna waƙar coci.

Wata Alhamis wata tsohuwa mai tari ta tafi da maganin wata mai ciki, mai cikin kuma aka miƙa mata na tsohuwar. Allah ya sa Sista ta lura kafin mai cikin ta sha. Baba mai gadi ya bi tsohuwar da keke. Sista ta juyo kaina a gaban jama'a.

"Mama, karatun tsufa ke nan. Gobe ki koma shara."

"Sista, idona bai tsufa ba. Ba ni kwanon fayafayan."

Na juye fayafayan a tebur, na jera su. Talatin da ɗaya! Sha bakwai guda biyu, ɗaya na ƙyalli, ɗaya ya dushe. Baba mai gadi ya dawo yana haki, ya gani, ya cire hula, ya faɗi gaskiya. Ashe watan jiya wata ta ƙulle faifai mai lamba sha bakwai a bakin zane ta tafi da shi ƙauye. Shi kuma, don kada ran Sista ya ɓaci, ya sa maƙerin gwangwani ya yanko wani. Ran kasuwa matar ta dawo da na asali, ya jefa a kwano bai gaya wa kowa ba.

Sista ta ce, "To, Mama." Iyakar ban haƙurinta ke nan, na kuma karɓa.

Na koyi cewa gyaran da aka yi a ɓoye ya fi ɓarna haɗari. Washegari na zo da katako da ƙusa talatin, na kafa a bango, kowane faifai da ƙusarsa, yadda in biyu suka hau ɗaya, ko mai wucewa zai gani.