Barkono da Allunan Ƙaninta

A wurin haɗa fitilun sola da ke bayan tashar mota, Barkono ake kiranta, amma sai ta ba da baya. A gaban idonta Yaya ce. Shekara ashirin da shida ta yi a teburin ƙarshe, jikin taga, da kwalbar sifirit da burushi da fararen tsummokara, tana wanke korayen allunan lantarki da ake sakawa a cikin fitila bayan an gama yi musu dalma. Abin da take wankewa shi ne man da ake shafawa don dalma ta kama. In an bar shi sai ya bushe ya yi ja kamar ƙanzo, ya kwashi ƙura, ya sha danshi, kafin shekara ta zagayo ya cinye wayoyin, fitila ta mutu.

Ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Takan jiƙa burushi ta goga, ta yi maza ta danna tsumma kafin sifirit ya bushe, don a cewarta wanda ya goga ya bari ya bushe bai wanke komai ba, dauda ya raba wa kowane lungu. Daga nan ta karkata allon wajen hasken taga, ta bi shi da babban yatsa. In ya ɗan kama yatsan, ta sake daga farko. Yatsun nata duk sun tsage, kuma ko a gidan biki ta zauna warin sifirit ne yake fara gaishe da mutane.

Bakinta kuwa, Allah ya kiyaye. Amma kaso mafi tsoka na ƙaninta ne, Mai Dalma, da ke zaune tebur uku a gabanta. Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne. Ran da ya tashi koya wa 'ya'yansa sana'a, sai ya miƙa wa namijin ƙarfen dalma, ita kuma ya miƙa mata burushi, alhali ya san hannunta ya fi tsayawa. Tsohon ya daɗe da rasuwa, amma abin yana nan a ranta ɗanye shar.

"Kai, mai kake shafawa ko miya kake zubawa?" takan ɗaga allo ta ce, yadda kowa zai ji.

"Ki wanke, Yaya," yakan ce ko waiwayowa ba ya yi. "Ai don shi aka ajiye ki."

Akwai abin da ita kaɗai ta sani. Shekara biyu ke nan hannun ƙanin nata yana rawa. Shi ya sa yake lafta mai, don dalmar ta gudana da kanta, kuma jan man ya rufe inda ta tsage. Sai ta wanke ne tsagar take fitowa fili. Takan ɗiga jan fenti a wurin ta mayar masa ya gyara kafin allon ya kai teburin gwaji. Kada wani ya ce tausayi ne. Daɗin ganin ya sunkuyar da kai take ji.

Ana nan sai kasuwa ta ja baya. Maigidan wurin ya tara su ya ce aiki ya ragu, a cikin tsofaffin ma'aikata biyu, ita da ƙaninta, ɗaya zai tafi gida ƙarshen wata. Ranar da azahar, da kowa ya fita cin abinci, Mai Dalma ya zo ya tsaya a kanta, hannayensa a aljihu.

"Yaya, ki rufa min asiri. Ki bari shi ya zaɓa da kansa."

"Ran da Baba ya miƙa maka ƙarfe, ka ce a bari in gwada?"

"Shekarata goma sha ɗaya a lokacin."

"Yanzu ai ka girma. Matsa, ka tare min haske."

Washegari ta ɗebi alluna goma daga tiren ƙanin nata, ta yi musu wankin da ba ta taɓa yi ba, sau uku-uku, har suna ɗaukar ido. Ba ta ɗiga fenti ko ɗaya ba. Ta jera su a gaban Maigida, ta ajiye masa madubin ƙara girma a gefe, ta koma kujerarta. Bakwai a ciki dalmarsu ta tsage. Ƙarshen wata Mai Dalma ya naɗe igiyar ƙarfensa ya fita bai yi wa kowa sallama ba, ita kuwa ranar har da ƙarin abinci ta ci.

Aikinsa aka mayar wa wata mata da ke teburin tsakiya, mai hannu kamar an auna. Ɗigo ɗaya take sawa na mai, kuma da ta gama sai ta share da kanta da ɗan auduga. Allunan suka riƙa isowa wurin Barkono fes. Ta karkata su a taga, ta bi da yatsa, babu abin da ya kama. Ta riƙa wanke wankakke don dai a ga hannunta yana motsi. Kwalbar sifirit da a da ba ta yi mata kwana biyu, sai ga shi ta yi sati uku ba ta kai rabi ba. A nan tsoro ya shige ta, don ta gane kujerarta a kan ƙazantar ƙaninta take tsaye tun tuni. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, ita kuwa nata har da gyaran baki ta yi masa.

Maigida ne ya ɗaga kwalbar wata safiya ya duba, ya ajiye.

"Yaya, yanzu me kike wankewa?"

Ta zage shi, ta zagi matar, ta zagi fitilun da masu saye, amma duk da haka da la'asar aka sallame ta, ta fito da jakarta, burushin yana leƙowa daga baki.

Hanyar gidanta ta ƙofar ƙaninta take bi, babu wata. Yana zaune a kan benci, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu, shayin yana zuba masa a riga. Ya dubi jakar, ya dubi burushin.

"Yaya, an gama wankin?"

"An gama," ta ce, ta wuce.