Ranar da Siniya Ado Ya Ƙi Buga Sha Biyu

Ku da kuka san Siniya Ado kun san bai taɓa yarda an rufe kwalejinmu ta horon malamai ba. An haɗe ta da jami'a, an kwashe komai zuwa birni, awaki suna kwana a ajinmu, amma in ka ce "tsohuwar makarantarmu", sai ya gyara hula ya ce, "Wace tsohuwa? Hutu aka tafi." Da aji biyu ya girme ni, don haka har na yi furfura Siniya nake ce masa, shi kuma "kai yaro" yake ce mini, ko a gaban jikokina.

Shi ne mai buga ƙararrawa a zamaninmu, ƙararrawar kuwa ƙarfen tayar babbar mota ce. Ranar kwashe kaya ya ɗora ta a amalanke ya kai gidansa a Yako. Da aka aiko karɓa, ya ce ajiya ce, a turo wanda ya ba shi. Shugaban makarantar da ya ba shi kuwa ya daɗe da rasuwa.

Da mu tsofaffin ɗalibai muka kafa tallafin karatu don kai 'ya'yan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa jami'a, sai aka zo maganar suna. Alhaji Sule, ɗan ajin su Siniya da Allah ya buɗa wa a harkar taki, shi ya fi kowa bayarwa, sai wasu suka ce a sa sunansa.

"A sa," in ji Siniya. "Amma a rubuta makinsa na lissafi a ƙasa. Kusa da shi nake zama."

"Haba Ado! Ina rufin asiri?" in ji Alhaji.

"Tun muna samari nake rufa maka. Hannuna ya gaji."

Alhaji da bakinsa ya kawo shawarar a sa sunan makarantar.

A taro na gaba aka kawo mana shinkafa da kaji. Siniya ya tambayi daga ina, aka ce daga asusun tallafi. Bai yi faɗa ba. Faranti ya ɗauka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya tsince naman, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga cinya.

"Wannan littafin ɗan wani ne. Wa zai saya?"

Wallahi sai da muka sayi kajinmu. Ni fiffike na samu, kuma ban ji daɗinsa ba. Tun daga ranar gyaɗa muke ci a taro, kowa da tasa.

To, sai shekarar Dije. Yarinya ce 'yar makiyaya daga bayan Doguwa, ta samu gurbin karatun likitan dabbobi, gidansu ba halin biya. Ranar rufe karɓar takardu muna zaune a tsohon ɗakin cin abincin kwalejin, Siniya ya rataye ƙarfensa a bishiyar maina. Dokarmu, wadda shi ya rubuta, ta ce da an buga sha biyu an rufe. Da hantsi malaminta ya yi waya: an yi ruwa, rafi ya cika, tana bakin gaɓa tana jira ya janye. In ta rasa wannan, ta rasa gurbin.

Rana ta take, sakatare Malam Isa ya ce, "Siniya, sha biyu ta yi."

"Ka ji an buga?"

Muka zauna. Aka kira azahar, muka yi, muka dawo.

"Siniya, har fa mun yi salla."

"Allah ya karɓa."

Can Malam Isa ya miƙa masa hannu. "Duba, biyu da rabi!"

Ya ƙura wa agogon ido. "Mai kyau ne. A ina ka saya?"

La'asar ta kusa sai ga Dije a bayan babur, taɓo har gwiwa, takardu a leda ƙarƙashin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe mu. Siniya ya karɓa ya miƙa wa sakatare, ya fita ya buga sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya dawo ya dube ta.

"Saura ƙiris ki makara. Ki kiyaye gaba."

Bana Dije take shekarar ƙarshe a jami'a.

Bayan addu'ar bakwai ta rasuwar Siniya, matarsa Hajiya Abu ta aika na je. Ta nuna mini buhun masara biyu a zaure, an rubuta a jiki da gawayi: "Na yara". Ta ce tun kafin ya kwanta ya ware su, ya hana kowa taɓawa. Sai ta share ido ta ce, "Ya ce in gaya muku kada ku sayar yanzu, ku jira farashi ya tashi."

Na yi dariya, na ce mata za mu jira.

Allah ya jiƙan Ado, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Duk harafin da yaran nan suka karanta, Allah ya kai masa ladan. Amin.