Uwar da Ba Ta Kiran Sunan Ɗanta

A wani ƙaramin asibiti kusa da Gafasa, Naja'atu ma'aikaciyar lafiya tana ta sallamar mata da sauri, har layi ya zo kan wata doguwar Bafulatana mai koɗaɗɗen hijabi da faso a dunduniya. Yaron da ke cinyarta jikinsa zafi rau, amma ita idonta na kan bango.

"Baiwar Allah, yaya sunansa?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Ke fa nake tambaya! Ɗanki ne, ko tsintarsa kika yi?"

Wata tsohuwa a bayan layi ta ce, "'Yar nan, ɗan fari ne. A gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Kunya ce."

"Kunya, Iya? Zazzaɓi ya san kunya?" Naja'atu ta ja tsaki. A ranta ta riga ta saka matar cikin iyayen da ba su damu da 'ya'yansu ba. "Koma gefe. In kin tuna sunan, ki dawo."

Matar ta tashi ba musu, ta zauna a ƙasa cikin rana. Wataƙila a ƙafa ta taho daga ruga. Wataƙila kakar yaron, wadda ta saba faɗin sunan, yau ba ta da lafiyar rakiya.

Can idon Naja'atu ya faɗa ƙarƙashin hijabin. Hannun matar na riƙe da tafin ƙafar yaron, tana murza shi a hankali, inda take zaton ba mai gani.

Naja'atu ta gani sarai. Ta kau da kai, ta ce, "Ta gaba!"