Ambulan a Durowar Anti Makulli

Duk wanda ya taɓa hawa bene na biyu na sashen kimiyya ya san Anti Makulli, ko da bai san Farfesa, shugaban sashen, ba. Ofishinta ne na farko in ka gama matakala. Tebur ɗaya ne a ciki, sai kujerar baƙi da aka tokare ƙafarta da ninkakken kwali, da fanka mai juyawa gefe guda kawai, da allon katako mai ƙusoshi ashirin da uku inda take rataye makullan sashen. Shekara ashirin da tara tana sakatariya a wurin. Ta shigo tun zamanin tafireta, tana budurwa mai ɗan banzan sauri a matakala, yau ga jikoki uku ga gwiwa mai sanar da ita hadari tun bai haɗo ba. Wata huɗu ya rage mata ta yi ritaya.

Karatunta bai yi nisa ba. Ita ce babba a ɗakinsu, ƙanne biyar na bin bayanta, don haka daga makarantar koyon buga takardu sai aiki. Amma Allah ya yi mata baiwa biyu. Lamba ba ta shiga idonta ta fita, ko ta waya ce ko ta mota, kuma magana ba ta shiga cikinta ta fito. Maigidanta, wani tela mai son raha, yakan ce kusan shekara talatin yana zaune da akwatin ƙarfe, har yau bai ga inda ake zura makullin ba. Ita kuwa sai ta ce ya ji da zarensa.

A 'yan shekarun nan ne sashen ya fara karɓar matasan masu bincike, waɗanda ba su daɗe da gama digiri ba, ana horar da su wata shida a kan abin da suke kira igiyar nauyi. Anti ta buga kalmar ta fi sau dubu, kuma ga iya abin da ta fahimta. Wai can nesa, inda ko tunani ba ya kaiwa, manyan taurari biyu da suka mutu sukan yi karo, sai sararin kansa ya yi rawa kamar ruwan bokiti in an jefa dutse. Rawar ta yi ta tafiya, kafin ta iso duniya ta ƙanƙance har ba a magana. A wasu ƙasashe akwai manyan na'urori masu madubai da ke sauraronta, su turo bayanai, lambobi tuli guda. Aikin yaran shi ne su tsefe wannan hayaniya su nemo alamar karon. Duk Talata kuma sukan haɗu da takwarorinsu na wasu ƙasashe ta kwamfuta, kowa ya baje abin da ya samo.

To, masu wannan ilimi suna da wata al'ada da Anti ta daɗe tana cewa mugunta ce da tabarau. Kafin a ba yaran bayanan, Farfesa yakan dasa alamomin ƙarya a ciki a ɓoye, har a waɗanda ake tura wa takwarorinsu na waje, ya rubuta ranar kowace da lokacinta, a rufe a ambulan, ba a buɗewa sai ranar ƙarshe. Dashe suke ce musu. Da su ake gane mai ido da mai ganin abin da babu. Da yake idon Farfesa ya yi rauni, kuma da yatsa biyu yake buga kwamfuta kamar kaza na tsattsaga, Anti ce ke buga takardar, ta liƙe, ta jefa a durowarta ta ƙasa. Bana dashe uku ya yi. Da ya zo na ukun har da 'yar dariyarsa, ya ce wannan ya binne shi da nisa, ba ya jin akwai mai tono shi.

Yaran bana su tara ne, kuma Anti ba ta wahalar da kanta da sunayensu, kowa laƙabi take ba shi. Akwai wani dogo mai baki kamar rediyo, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya nemi hujja, ta sa masa Sarkin Musu. Akwai kuma ƙaramarsu, siririya, mai magana kamar tana neman gafara, ta sa mata Auta. Ita ce ke riga kowa karɓar makulli, ita ce ke mayarwa a ƙusar da ta dace, kuma ita kaɗai ta taɓa lura Anti na ɗingishi, har ta riƙa karɓar mata fayil a matakala. Anti ba ta ɓoye wa kanta ba, son yarinyar take yi kamar ita ta haife ta.

Dashe biyun farko ba su yi wata biyu ba aka cafke su, aka yi ta tafi. Sai wata Laraba da hantsi Auta ta shigo ofis, ido ya yi luhu-luhu, ta zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ajiye takarda a tebur. Anti ta gyara tabarau ta karanta, takardar janyewa ce daga horon.

Da ƙyar labarin ya fito. Mako shida ke nan tana bin wata 'yar alama da ita kaɗai take gani. Jiya a taron Talata ta yi ta maza ta nuna, Sarkin Musu ya yi mata wankin babban bargo a gaban mutanen ƙasa huɗu. Ya ce ƙila babbar mota ce ta wuce kusa da na'urar, ya ce in mutum ya ƙura wa bango ido sai ya ga fuskar kakarsa. Aka yi dariya, har wanda ke jagorantar taron daga wata ƙasa sai da ya rufe baki. Rukuni ya yanke a bar maganar. Auta ta ce dama tun zuwanta take jin kamar kuskure aka yi aka ɗauke ta, yanzu ta tabbatar. Za ta koma koyarwa a makarantar da ta baro, can aƙalla ba mai yi mata dariya.

Anti ta tambaye ta, don dai a ce ta ce wani abu, wai ita alamar a ina take.

"Ranar sha bakwai ga wata, Anti. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu da daƙiƙa tara."

Nan take Anti ta gane lambar. Layi na uku ke nan a takardar da ta buga da hannunta, ba ragi ba ƙari. Ambulan ɗin yana nan dab da gwiwarta mai ciwo, katako ɗaya ne tsakaninsu. Kalma biyu kacal za ta furta, kina daidai, yarinyar nan ta share hawaye ta yaga takardarta. Amma in ta furta, horon mutum tara ya tashi a banza, amanar shekara ashirin da tara ta bi ruwa, ita kanta Autar kuma ba za ta taɓa sanin ko idonta ne ya gani ko bakin Anti ba. Gaba kura baya sayaki.

Sai ta ɗaure fuska, irin ɗaurewar da take yi wa masu kawo fom ba hoto. Ta ce ba a barin sashen nan kamar ana barin tashar mota. Ta jawo wani tsohon fayil da ƙura ta cinye, ta zaro fom ɗin miƙa aiki, wanda rabon da a yi amfani da shi tun kafin a sa kwamfuta a ofis. Doka ta ce mai janyewa sai ya zauna da abokin aiki ya bayyana masa aikinsa layi-layi, shi kuma ya sa hannu cewa ya fahimta, sannan a buga hatimi. Ofis ke zaɓar abokin aikin. Ofis kuwa ita ce. Ta ɗauki biro ta cike gurbin da sunan Sarkin Musu.

Auta ta dube ta kamar ta mare ta. Ta ce ko waye ta yarda, ban da shi. Ta ce ta ɗauka Anti uwa ce. Hawaye na zuba har kan fom ɗin, Anti ko gezau, ta miƙa hannu ta ciro makullin ɗaki na shida ta ɗora a kai.

Da yamma a gida shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Maigida na bakin kekensa yana kafa wuyan riga, ya leƙo ta saman tabarau ya tambaya ko gwiwar ce. Ta ce ba ita ba ce. Ya ce to akwatin ne ya cika. Ta ture kofin gefe, shi kuma bai matsa ba, ya san halin kayarsa. Abin da ke cin ta shi ne caca ta yi. Ta san yaron nan musu gare shi amma ba ya ha'inci da lissafi, sai dai ba abin da zai hana shi ya sa hannu cikin minti biyar ya rabu da ƙaya. Ta kuma tambayi kanta ko da ba ta san abin da ke cikin ambulan ba za ta tono wannan fom. Ta juya ta juya, ta ga za ta tono, don ba ta taɓa barin ɗan kowa ya fita ta ƙofarta yana kuka ba tare da ta ja masa birki ba. Da wannan ta ɗan samu sauƙi, amma kaɗan.

Ɗaki na shida bango ɗaya ne da ofishinta. Ranar farko muryar Sarkin Musu kawai take ji, kamar ana gwanjo. Rana ta biyu ma haka. A ta uku sai ta ji wata siririyar murya ta ɗaga ta ce ya bari ta gama tukuna, ai kuwa Anti ta ajiye biro ta kasa kunne. Auta ta daina gaishe ta da fara'a, ta daina karɓar mata fayil, sai dai ta ɗauki makulli ta wuce. Abin ya yi wa Anti ciwo ƙwarai, ta shanye.

Ranar Juma'a Sarkin Musu ya shigo da fom ɗin a hannu. Anti ta gyara tabarau. Ya ajiye, ta duba, gurbin sa hannu fayau. Ya ce shi ba ya sa hannu a kan abin da bai kashe ba. Ya nemo rajistar motocin da suka wuce kusa da na'urar, babu mota a lokacin. Ya duba iska, ya duba girgizar ƙasa, shiru. Ya rubuta wa wata takwararsu a wata ƙasa ta duba bayanan na'ura ta biyu, ga 'yar alamar nan a can ma, a lokacin da ya kamata. Ya ce a ƙara musu mako biyu da ɗakin, zai kashe ta ko ta halin ƙaƙa. Anti ta ce ɗaki dai ba nata ba ne, na gwamnati ne, ya je ya yi ta kisa.

Bai kashe ta ba. A taron Talata na ƙarshe shi da bakinsa ya ce ya yi kuskure, abin da ba a taɓa ji ba tun da aka haife shi, kuma ya matsa gefe ya bar Auta ta yi bayani. Rukuni ya yarda a sa alamar a rahoto, da sharaɗin a rubuta cewa ba a tabbatar ba.

Ranar buɗe ambulan da safe Anti ta sa mayafinta mai kyau, ta kai wa Farfesa har babban ɗaki, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Ya yaga, ya kusanto da takardar dab da hanci. Ya karanta na ɗaya, ya karanta na biyu. Da ya zo na uku ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, sannan ya karanto ranar sha bakwai, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu da daƙiƙa tara. Ɗaki ya kaure. Sarkin Musu ya daki tebur har biro ya yi tsalle, fuskokin da ke cikin kwamfuta suna ta tafi. Farfesa ya ce shekararsa shida yana binne irin wannan, yau ne aka fara tono masa. Da aka tambaye shi wa ya san sirrin, ya ce daga shi sai mai buga masa takarda. Anti ba ta jira ta ga inda idon Auta ya juya ba, ta ja ƙafarta ta koma ofis.

Ba a jima ba ta ji an turo ƙofa. Auta ce, ta tsaya a gaban tebur, ba ta zauna ba.

"Anti, ashe kin sani."

"Ni na buga."

"Na zauna a nan ina kuka a gabanki."

"Na gani, 'yar nan. Na yi nawa bayan kin fita."

Auta ta murza bakin gyalenta. Can ta tambaya, a hankali, to da Sarkin Musu ya sa hannu tun ranar farko fa?

Anti ta so ta ce da ta san dabarar da za ta yi. Ƙaryar na nan a bakinta, mai daɗi, ba mai kama ta. Ta dubi yarinyar ta ga ba za ta iya ba.

"Da na buga hatimi na kai wa Farfesa."

"Da kin bar ni na tafi? Kina sane ina daidai?"

"Da na bar ki," in ji Anti. "Kuma da ban yafe wa kaina ba har in mutu."

Ta cire tabarau tana laluben bakin mayafi da hannu ɗaya don ta share ido. Auta ta zagayo ta bayan teburin, ta durƙusa a gefen kujerar, ta kama hannun ta riƙe da nata biyu. A baranda ana ta kiran Auta ta zo a ɗauki hoto, ta ce su jira, tana tare da mamanta.