Malama Tabawa da Makarantar Kuramen Gummi

Da hantsi, in ka bi ta bayan kasuwar Gummi, za ka hangi mace tsaye a ƙofar makaranta tana kaɗa jan ƙyalle. Nan ba a buga ƙararrawa, don ba mai ji. Yara na ganin ƙyallen sai su sheƙo, ita kuwa ba ta barin yaro ya shiga aji sai sun haɗa ido. Malama Tabawa Hayatu ke nan, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen wannan zango.

Sanƙarau na 1996 ne mafarin makarantar. Ya ɗauki waɗanda ya ɗauka, ya bar wasu da rai amma ba ji, cikinsu har da 'yarta Raihana. Lokacin Malama tana koyarwa a firamare. Da ta ga 'yarta ta koma zaman lungu, sai ta nufi wurin Jibo, wani tela kurma a kasuwa, ta roƙe shi ya koya mata maganar hannu. Mutane suka yi ta dariyar malamar boko a gaban keken ɗinki tana juya yatsu. Ba ta fasa ba. Da hannunta ya faɗa, ta kafa rumfar zana a tsakar gidanta ta tara 'ya'yan maƙwabta marasa ji. Daga baya aka ba ta tsohon ɗakin ajiye auduga. Daminar da iska ta yaye rufin, a gindin tsamiya ta ƙarasa zangon, har iyaye suka haɗu suka rufa.

Ranar kasuwa takan hau mota zuwa Anka da Bukkuyum neman yaran da aka ɓoye a gida. A wata ruga kusa da Bukkuyum ta samu Habsu, yarinyar da ta daina magana tun da ciwon ya sake ta. Mahaifinta Magaji ya ce, "Malama, mi za ta yi da boko? Ko kiranta aka yi ba ta waiwayawa."

Malama ta ce, "Ba ni ita zango guda. Amma da sharaɗi, Innarta za ta riƙa zuwa ita ma ta koya."

Haka aka yi. Duk ranar da ta kawo nono kasuwa, Inna Saratu, uwar Habsu, takan ajiye ƙwarya ta zauna a bencin yara. Wata rana malamai suka ga uwa da 'ya a bakin rijiya, hannuwa na ta tashi, fuska a murtuke. Suka matso za su raba, Inna Saratu ta tare su tana hawaye. Ta ce, "Ku ƙyale mu. Faɗa nike mata, kuma tana ramawa. Rabona da in yi wa ɗiyata faɗa ta gane tun kafin ciwo."

Yau Habsu ce ke riƙe da ajin ƙanana. Makarantar ta samu azuzuwan bulo da ɗakin kwanan 'yan nesa, Raihana kuwa tana ɗinki a ɗakin mijinta.

Malama, ke ce kika shiga gidajen da aka fid da rai, kika zauna a tabarma kika sha ruwansu, kika fito da yaro a hannu. Ke ce kika nuna wa iyaye cewa rashin ji ba rashin hankali ba ne. Uwar marasa ji, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Mu da ke karanta wannan, kusan kowace unguwa akwai yaro irin Habsu a bayan ɗaki. A kai shi makaranta. Kuma wanda ya kai shi, ya daure ya zauna a benci ya koyi yadda zai ce masa sannu.