Takalman da Suka Rage a Kwandon Anargiros

Shekara arba'in da biyu ke nan Anargiros yana kai baƙi masu hutu gaɓar Farin Yashi, can bayan tsibirinmu, inda mota ba ta zuwa. Mutum ne marar yawan magana. Karatunsa bai wuce rubuta sunan jirgin ruwansa ba, amma ya san halin teku kamar yadda ya san tarin matarsa Marigo. Dokarsa ɗaya ce: takalmi ba ya taka katakon jirginsa. Duk wanda ya shiga sai ya cire ya jefa a kwando. Yashin can laushi gare shi, ba mai neman takalmi sai an dawo tasha. In kwando ya koma wayam, to ya san ya dawo da kowa.

Ran nan da rani ya kwashi mutum goma sha huɗu. Sha uku baƙi ne, fatarsu ta yi ja saboda rana. Ta sha huɗun wata dattijuwa ce cikin baƙaƙen kayan takaba, Asimina, haifaffiyar tsibirin, wadda ta yi shekara talatin a Ostareliya. Da suka isa, baƙi suka faɗa ruwa, ita kuwa ta ɗauki kwalbar man zaitun ta nufi ɗan cocin da ke gindin dutse, za ta kunna wa marigayi mijinta fitila.

Da rana ta karkata, meltemi, iskar arewa mai ƙarfi da ke zuwa da rani, ta fara kaɗawa. Anargiros ya busa usur, baƙi suka hau, ya tayar da inji. Bai nemi Asimina ba. Tun yana yaro, matan tsibirin masu baƙin kaya in sun kunna fitila, ta hanyar awaki suke hawa dutse su koma gida. Idonsa bai taɓa ɗaukar su fasinjan dawowa ba.

A tasha kowa ya zari takalminsa. Sai ga wasu baƙaƙen takalma, masu faɗin baki, kwance a gindin kwando.

A lokacin ya tuna abin da duk tsibirin ya sani: ruwan bara ya zaftare hanyar awakin, daidai kwanar da mai hawa ba ya hangen gabansa. Kowa ya sani, ban da wadda ta yi shekara talatin ba ta nan.

Marigo tana soya kifi a rumfarta ta ga fuskarsa.

"Tsoho, lafiya? Ka yi kamar ka haɗiyi ƙaya."

Ya ɗaga mata takalman.

"Na Asimina? Wayyo ni! Ka baro 'yar mutane? Da ma na ce kan nan naka ya zama kabewa!"

"Ajiye zagin, in na dawo na karɓa," ya ce, yana kwance igiya.

"A wannan iskar? Dubi tekun fa, duk ya yi furfura!"

Ya tura jirgi cikin teku. Tafiyar rabin awa ta ci masa fiye da awa. Igiyar ruwa na ɗaga jirgin tana maka shi ƙasa, gishiri na shiga idonsa, shi kuwa ba jirgin yake tunani ba. Lissafin taku yake yi: daga coci zuwa kwanar, tafiyar tsohuwa, minti ashirin. Ya lissafa ya sake lissafawa, kullum amsar ɗaya ce. Ya yi wa waliyyin masunta alkawarin kyandir mai tsawon mutum. Da ya zagayo hancin dutse ya duba gaɓa, babu kowa. Ya ɗaga kai sama, wajen zaftarewar.

Sai ya ji murya daga inuwar coci.

"Anargiros ɗan Lambros! Ashe kunya ba ta kashe ka a hanya ba?"

Asimina ce zaune a kan dakali, tana fifita da kallabinta.

Ya sauko cikin ruwa har gwiwa. "Yaya Asimina, ba ki hau ba?"

"Da me zan hau? Na yi taku goma, tsakuwa ta ce mini koma. Ƙafar nan ta yi shekara talatin a kan darduma. Ka kwashe mini takalma, ɓarawon banza."

Ya zauna daɓas a kan yashi. Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya gaya mata batun hanyar. Ta kalli dutsen, ta ja kallabin ta rufe bakinta.

Da ƙyar suka iso tasha, jiƙe sharkaf. Marigo ta biya shi zagin da ta ajiye masa, har da ƙari, tana yi tana zuba musu miyar kifi.

Har yau yana kai baƙi Farin Yashi. Sai dai yanzu, kafin ya tayar da injin komawa, yakan juye kwandon a kan yashi, ya tsaya har kowa ya nuna nasa. Baƙi suna ɗauka wata tsohuwar al'adar tsibirin ce, har hoto suke yi.